Darasi na Tara: Launin Ƙahon Barewar Ƙasashen Sanyi da Sana'ar Yin Biro

A Amurka da Turai akwai masu sana'ar da ke yin biro da hannu. Wasu da itace suke yi, wasu da ƙahon wata irin barewa ta ƙasashen sanyi, mai ƙaho reshe-reshe. Da wuya ka ga biro biyu na wannan ƙaho sun zo launi ɗaya, ko da daga kan dabba ɗaya aka samo su. Dalilin haka shi ne darasinmu na yau.

Kada mu haɗa wannan ƙaho da na sa ko na rago. Ƙahon sa jinsin farce ne da gashi, cikinsa rami ne, wuta tana tausasa shi, kuma yana nan a kan dabba har ta mutu. Na waccan barewa ƙashi ne zalla. Namiji ne ke da shi, sai a jinsi ɗaya na can arewa mai ƙanƙara, inda mace ma take fitarwa. Kowace shekara yakan faɗi da kansa, wani sabo ya tsiro.

Lokacin da yake tsirowa, wata fata mai laushi ce ke lulluɓe da shi, cike da jijiyoyin jini. Wajen watan Agusta zuwa Satumba sai jinin ya tsaya, fatar ta bushe. Daga nan dabbar ta shiga goga kanta a jikin itatuwa har fatar ta saɓule. Ƙashin da ya bayyana fari ne. Duk launin da za ka gani a bayansa daga baya ya same shi.

Na farko, ragowar jini ya bushe a kansa, ya bar ja-ja mai duhu. Na biyu, ruwan ɓawon itace da ƙaro su shiga jikinsa, kamar yadda goro ke rina haƙori. A ɓawon itatuwa da yawa akwai sinadarin nan da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jima da shi. Saboda haka irin itacen da ke dajin yana da hannu a launin: wani ƙahon ya fito ruwan zuma, wani ruwan ƙasa, wani ya yi duhu har ya kusa baƙi. Ka lura da kyau, za ka ga duhun ya fi taruwa a gindi da cikin tsagogi, tsinin rassa kuwa fari, don nan ne ya fi shan guga.

Bayan ya faɗi, wajen Janairu zuwa Afrilu, launin bai daina canzawa ba. Gefen da ke kallon sama rana ta dake shi ya yi fari. Gefen da ya kwanta a ƙasa ya riƙe duhunsa, ko gansakuka ta sa masa kore. Ɓeraye da kurege su zo su gwaigwaye shi. In ya daɗe a fili sai ya tsattsage, ya yi gari-gari kamar alli. Shi ya sa 'yan kasuwar ƙaho suka kasa shi uku: mai ruwan ƙasa shi ne sabo, ya fi tsada, sai fari mai ƙarfi, sai mai alli, wanda ke rugurgujewa a kan inji. A garin Jackson na jihar Wayomin a Amurka, tun 1968 ake gwanjon irin wannan ƙaho duk watan Mayu, wanda yara 'yan sikawut ke taimakawa wajen tsintowa a gandun dabbobi na kusa da garin.

Yanzu ga inda mai sana'a ke buƙatar natsuwa. Launin baya bai shiga ciki sosai ba. Yana fara sassaƙa, ruwan ƙasan nan zai tafi, farin ƙashi ya fito. In ya ƙara shiga ciki, sai ya iske tsakiya mai ƙananan ramuka inda jini ya taɓa bi. Nan ne ake samun ɗige-ɗigen ruwan toka, da ja-ja, wani lokaci har da shunayi. Ke nan ramin da yakan huda a guntun ƙahon kafin ya fara sassaƙa, inda bututun biro zai shiga, shi ke yanke hukuncin launin biron. In ya huda daidai tsakiya, kuma guntun ya yi kauri, biron zai fito da ruwan toka ko'ina. In ya ɗan karkata hujin gefe, ɓangare ɗaya zai fito fari, ɗayan ya riƙe ɗan ɓawo mai duhu. A ganina wannan na biyun ya fi kyau nesa, domin kowa ya gani ya san ƙaho ne, ba roba ba.

Ga yadda aikin yake. Mai sana'a yakan zaɓi reshe miƙaƙƙe, ya yanka gunduwa biyu. Ya huda kowace da bakin huji na milimita 7, in siririn biro zai yi. Ya yi a hankali, yana fitar da garin, don zafi na fasa ƙashi. Ya shafa gam a jikin bututun tagulla ya cusa a ramin. Bayan ya bushe sai ya ɗora a injin juyi, ya riƙa ragewa da cizal mai kaifi. In ya iso wurin ramuka, ya ɗiga sufa gulu mai ruwa-ruwa ya cike su, in ba haka ba dattin hannu zai shige ya ɓata launin. Daga nan sai guga da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har ya yi sheƙi. Ƙurar tana wari irin na ƙonannen gashi, kuma tana cutar da huhu. Dole a sa takunkumi, a buɗe taga.

Wasu sukan rina farin ƙaho da shayi ko gahawa ko wani sinadari don ya yi duhu. Rini ba laifi ba ne, amma a gaya wa mai saye. Ɓoyewa ha'inci ne.

Wani zai ce, to mu gwada da ƙahon barewarmu mana. A'a. Barewa da gada na dajinmu ba sa zubar da ƙaho; duk wanda ka gani a hannun mutum, dabbar ta mutu, ga su kuma sun yi ƙaranci. Mai son koyon wannan aiki ya nemi ƙashin sa ko tsinin ƙahonsa a mayanka. Ƙahon sa ma yana da fari da baƙi da ruwan zuma.

Aiki: Ɗalibai su kawo ƙahon sa ko na rago aji. Kowa ya rubuta sunayen launukan da ya gani a jikinsa, daga gindi zuwa tsini. Sannan ya rubuta jimla biyu a kan abin da ke sa ƙahon da ya daɗe a rana ya yi fari.