Yadda mataimakin jinya zai kula da mai cutar mantuwa ba tare da ya kashe masa jiki ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne a duniya ke fama da cutar mantuwa, wadda mutanenmu suka fi sani da gigin tsufa. Da yawa daga cikinsu suna rasa ƙarfin jikinsu ne saboda masu jinyarsu suna yi musu komai don tausayi ko gaggawa. Hannun da aka daina barinsa ya ɗauki cokali yakan yi rauni, gaɓoɓinsa su sandare, saboda haka aikinka na farko shi ne ka bar wa mara lafiya duk abin da zai iya yi da kansa, ko da zai ɓata maka lokaci.

Ka zo masa ta gaba, ka yi sallama, ka kira shi Baba ko Malam kamar yadda ya saba, sannan ka faɗi sunanka kowane zuwa. Ka ba shi umarni ɗaya a lokaci guda: «Baba, ga riga, sa hannunka.» Idan ɓarin jikinsa ya shanye, ka fara sa wa hannun da ke da rauni, wajen cirewa kuma ka fara da mai lafiya. A ganina babu motsa jikin da ya kai alwala amfani ga tsohon da ya yi shekaru yana yin ta, domin hannu yakan riƙe abin da ƙwaƙwalwa ta saki. Ka zuba masa ruwan, ka bar shi ya wanke.

Idan ya ce zai tafi gida wajen mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa, kada ka yi masa gardama, kada kuma ka sake yi masa sanarwar mutuwar. Ka tambaye shi labarinta, ka ja hankalinsa zuwa wani abu a hankali. Rikicewar takan tsananta dab da magariba, don haka ka kunna fitila da wuri, ka rage hayaniya.

Wajen cin abinci ka zaunar da shi a miƙe, ya ci gaba da zama minti 30 bayan ya gama don gudun shaƙewa. Wanda ba ya iya tashi a juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya. Idan kuwa rikicewarsa ta ƙaru kwatsam cikin yini guda, ka sanar da nas nan take, domin ƙarancin ruwa a jiki ko ciwon mafitsara na iya jawo hakan, kuma dukansu suna da magani.