Yadda ake karanta cin taya a babbar mota kafin a sayi sabuwa

Taya ce sana'ata a nan Sakkwato, kuma yawancin masu tsayawa wurina direbobin manyan motoci ne: masu ɗauko siminti daga Kalambaina, masu lodin albasa zuwa kudu, da bas-bas masu bin hanyar Gusau zuwa Zariya. Kukansu kusan ɗaya ne. Direba zai sauko ya ce min, "Maigida, tayar ga ta cinye gehe guda, jabu aka saida min." Akwai jabu a kasuwa, ban musa ba, amma galibi tayar ba ta da laifi. Wani abu ne a jikin motar yake cin ta, kuma in ba a gyara shi ba, sabuwar ma haka za ta ƙare.

Da sassafe ake wannan dubawa, motar ta kwana ba ta yi tafiya ba, a fili mai daidai. Ka karya sitiyari har ƙarshe don fuskar tayar gaba ta fito. Duba da ido tukuna ko wayar cikin tayar ta leƙo, don tana yanka hannu. Sannan ka shafa tafin hannunka a kan zanen, daga waje zuwa ciki, ka dawo, kuma ka bi ta zagaye.

In tsakiya ce ta cinye, gefuna suna nan, iska ta yi wa nauyin da take ɗauka yawa. In gefuna biyu ne suka cinye, tsakiya ta rage, iska ta yi kaɗan ko lodi ya wuce kima. Wannan na biyun shi ya fi yawa a wurinmu, shi ne kuma mai kashe mutane, domin taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa a kowane juyi, ta yi zafi daga ciki har wayoyinta su rabu da roba.

Maganar iska sai na daɗe a kanta. Yaron mota ya ɗauki ƙarfe ya bubbuga taya ya ce lafiya lau, wannan ba awo ba ne. Bugu yana nuna tayar da ta sace gaba ɗaya, amma kunne ba ya raba iskar 85 da ta 105 a awon psi. Ka sayi geji, wato ma'aunin iska, naka na babbar mota, ka ajiye a gaban mota. Lambar da ke jikin taya ita ce iyakar iskar da za ta ɗauka, a manyan tayoyi irin 315/80R22.5 takan kai 120 zuwa sama. Abin da ya dace da motarka yana jikin farantin da kamfani ya manna ko a littafinta, kuma ya danganta da nauyin da ke kan kowane aksul, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin dama da hagu. Sai babban kuskuren bazara: a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, direba ya iso Talata Mafara ya auna ya ga iska ta hau, sai ya rage. Kada ka rage. Hawan nan na zafi ne, an ƙera tayar da saninsa. In ka sace ta da rana, da asuba za ka tarar da ita ƙasa da kima, kuma da lodi a kanta.

Tayoyin baya masu biyu-biyu suna da tasu fitinar. Ta ciki ita ake mantawa, saboda bakin iskarta yana da wuyar kaiwa. Sa a ɗaura mata ƙarin baki mai tsawo, kuɗinsa kaɗan ne. Biyun nan kamar shanun huɗa suke, in ɗaya ya fi ɗaya tsayi, dogon ya ɗauki wahala, gajeren kuma a riƙa jan sa. Bambancin iska na 5 kacal ya isa ya fara wannan ɓarna. Haka nan haɗa sabuwa da wadda ta ci rabi. Ka zagaya kowacce da tef ɗin tela bayan an cika su, in bambancin ya wuce santimita 2, ba abokan juna ba ne, nemo wa kowacce tsararta. Ka kuma leƙa tsakaninsu, dutse yakan maƙale a nan ya yanka gefen duka biyun.

Yanzu tayar gaba. In hannunka ya wuce sumul ta gefe ɗaya, da ka dawo kuma ka ji zanen yana kartarka, tayoyin ba sa kallon gaba daidai, suna tafiya suna gogar kwalta a karkace. Aikin alaimen ne, wato saita tayoyin su kalli gaba daidai. Amma kada ka ruga wurin mai alaimen tukuna. Ɗaga gaban da jak, ka sa katako mai ƙarfi ya tokare, ka kama tayar ta gefunanta biyu, dama da hagu, ka girgiza. In ta yi wasa, duba tayarod, sandar da ke haɗa tayoyin gaba biyu su juya tare. Kama ta sama da ƙasa, ko ka zura ƙarfe ƙarƙashinta ka ɗaga. Wasa a nan na kimfin ne, ƙarfen da tayar gaba ke karkata a kansa in an karya sitiyari, ko boris ɗin da wili ke juyawa a kansa. Alaimen da aka yi a kan kimfin da ya mutu asarar kuɗi ce, ramin farko a hanyar Illela zai warware shi.

Akwai wata alama da kanikawa da yawa ke tsallakewa. Tayar gaba ɗaya ta cinye ta ciki, ɗayar kuma ta waje. Matsalar ba a gaba take ba. Aksul ɗin baya ne ya goce, sau da yawa don ƙusar tsakiyar sifirin ta karye ko bushin, zoben da ke riƙe bakin sifirin, ya cinye, motar tana tura kanta gefe, direba yana riƙe da sitiyari yana maido ta duk tsawon hanya. Sa wani ya bi ka a baya a miƙaƙƙen titi, zai ga tana tafiya a kaikaice. Ko ku auna tazarar tsakiyar wilin gaba zuwa na baya, dama da hagu, ku gwada.

In kuwa cin ya zo rami-rami a zagaye, shokozoba ne, mai rage girgizar mota, ko rashin balansin, wato nauyin wili bai daidaita a zagaye ba, ko boris mai sako-sako. Gwajin shokozoba ba ya buƙatar kayan aiki: da ka sauko daga tafiya, taɓa jikinsa a hankali. Mai aiki yana da ɗumi, wanda ya yi sanyi ya mutu. Wuri guda da ya shafe fes kuwa birki ne ya kama.

Lodi ma yana da hannu. Buhunan da aka jibge gefe ɗaya suna cin tayoyin wannan gefen.  Ido da tef sun wadatar a gane wannan: bayan lodi, auna tsayin bodi daga ƙasa dama da hagu.

Ko motarka lafiya take, tayar dama ta gaba takan riga ta hagu cin gefen waje, domin hannun dama muke bi kuma titi yana gangarawa can don ruwa ya wuce. Musanya su lokaci-lokaci yana raba cin, muddin babu kibiya a jikinsu mai nuna inda za su juya.

In ta kai ga saye, musamman ta hannu, nemi inda aka rubuta DOT a jikin tayar. Lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekarar da aka ƙera ta: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Zane mai kyau a kan tsohuwar roba mai tsattsagewa ba ciniki ba ne. Wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa, ko aka yi wa babban faci a gefe, ba na ɗaura ta a gaba ko nawa za a biya ni.