Yadda ake ɗora fuskar ɗan wasanmu a NBA 2K har a gane shi daga nesa

Duk wanda ya shiga wurin ƙirƙirar ɗan wasa a NBA 2K, wasan bidiyon nan na ƙwallon kwando, ya san inda gizo ke saƙa. Kana iya ba shi tsawo, ka ba shi lambar riga, ka rubuta masa sunan gida, amma fuskar da za ta fito ta wani baƙo ce da ba ka taɓa haɗuwa da shi a Yamai ba. Kamfanin yana da tasa hanyar, ta ɗaukar fuska da manhajar waya, sai dai ɗan wasanka guda kawai take yi wa aiki. Ni kuwa abin da nake so shi ne in ga yaran da ke zuba gumi a zauren wasanni na Palais du 29 Juillet da filayen unguwa, su biyar cif, suna gudu a allo kowa da kamanninsa. Wannan sai da hannu, kuma sai a kwamfuta.

Fara da zaɓen wasan da injinka zai iya ɗauka. Mafi yawanmu a nan tsofaffin kwamfutocin cinya muke da su, shi ya sa har yau NBA 2K14, wanda ya fito a 2013 da LeBron James a bangonsa, bai mutu a wurinmu ba: ba shi da nauyi, fayilolinsa kuma a fili suke. Sababbin sun fi kyau nesa ba kusa ba, musamman daga 2K25 da aka fara bai wa kwamfuta irin zubin da PS5 ke da shi, amma suna cin inji. Kayan aikin kyauta ne: Blender na siffar kai, GIMP na fata, sai 7-Zip, domin a sababbin fitowa da shi ake buɗe fayilolin iff, wato fayilolin da wasan ke ajiye fuskoki a ciki. Kafin ka taɓa komai, kwafe fayilolin asali ka ajiye a kile, wato USB, daban.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Masu farawa suna ɗauka cewa kamanni a Blender ake samo shi, sai su kwana suna jan hanci da haɓa. A'a. Tun daga hoto ake cin nasara ko a faɗi, kuma hoton da wayarka ke ɗauka da kanta ba ya yi. Madubin waya mai faɗi ne; in ka matso kusa, hanci ya kumbura, kunnuwa su ɓuya. Ja baya kamar mita 2 zuwa 3, sannan ka jawo hoton. Waya ta tsaya daidai tsayin idonsa. Kashe duk wani abin gyaran fuska da ke cikinta, don waɗannan suna goge ramukan fata su kuma haskaka mutum har ya zama ba shi ba. Ka ɗauki gaba, gefen dama, gefen hagu, da tsaka-tsakin gaba da gefe, baki a rufe, ba murmushi, ba ɗaure fuska.

Haske kuwa, kada ka kuskura ka ɗauka a tsakar rana. Ranar Yamai tana zuba farin tabo a goshi da ƙashin kunci, ta haƙa duhu a ƙarƙashin ido. Nemi inuwar rumfa ko ta gini wadda gabanta ke buɗe, da safe. Ranakun da hazon hunturu ya rufe gari su ne mafi alheri, haske yana zuwa a baje ta ko'ina. Kada a ɗauka bayan an tashi daga atisaye. Ya wanke fuska, ya goge gumi, ya huta tukuna. Ka ba shi farar takarda ya riƙe a ƙarƙashin haɓa a hoto ɗaya, da ita za ka daidaita launi daga baya.

Kuma ka nemi izini, fuskar mutum ba kayan tsintuwa ba ce. Wani dattijo da ke horar da yara a unguwarmu, da na ce masa, "Baba, ina so in sa ka a gefen fili cikin wasan nan," sai ya dube ni ya ce, "To ɗana, na yarda, amma billen nan nawa kar ka goge shi, na gidanmu ne." Za mu zo kan billen.

Da hotuna a hannu, sai ka nemi kan da za ka gina a kai. Ba a farawa daga babu. Duba cikin ƴan wasan da ke akwai ka ɗauki wanda ƙashin kansa da askinsa suka fi kusa da na mutuminka. Mai doguwar fuska kar ka ba shi kan mai zagayayya. Kowace fuska tana da lambarta, sunan fayil ɗin kuma yana farawa da png, sai lambar ta biyo baya. Shigar da kan cikin Blender da ƙarin manhajar da aka yi wa wasanka, ka kuma kula da wane Blender take so, domin da yawa daga tsofaffin sun daina aiki tun da 2.80 ya fito a 2019. Za ka ga kan kamar raga ce ta ɗigo-ɗigo da aka haɗa da layuka. Sa hoton gaba da na gefe a bayansa, danna O don jan ɗigo ɗaya ya tafi da maƙwabtansa a hankali, ka fara da manya: faɗin kai, muƙamuƙi, tazarar idanu, sannan hanci da leɓɓa. Doka ɗaya ce ba ta da sassauci: kada ka ƙara ɗigo a ragar, kada ka share ko ɗaya. Matsarwa kawai. In adadin ya canza, ko dai wasan ya ƙi karɓa ko fuskar ta yage. In ka matsar da gurbin ido, tafi da ƙwayar idon tare, in ba haka ba ranar da ya ƙifta za ka ga fatar ido ta ratsa ta cikinta. Da farko bar ɓangarorin biyu suna tafiya tare, daga ƙarshe ka raba su, don ba ɗan Adam ɗin da damansa da hagunsa suka zo daidai. Girar da ta ɗan fi ɗaya tashi, sau da yawa ita ce mutumin. Riƙa danna Ctrl da S a kai a kai. A zafin Afrilu inji na iya mutuwa ba sallama, wuta ma haka.

Fata ita ce inda za ka daɗe. In ka buɗe hoton fuskar wasan a GIMP za ka gan ta a baje, kamar fatar ragon layya da aka shanya, kunnuwa can gefe, wuya a ƙasa. A kanta za ka ɗora hotunanka gunduwa-gunduwa, a shafi na sama, wato layer: idanu a kan idanu, baki a kan baki, kunci daga hoton tsaka-tsaki, kunne daga na gefe, kana narkar da bakin kowace gunduwa har ɗinkin ya ɓace. Rage kaurin shafin sama zuwa rabi yayin da kake daidaitawa don ka riƙa ganin na ƙasa.

Daga nan sai ka cire haske daga hoton. Wasan yana da fitilunsa, shi zai zuba ƙyalli da inuwa gwargwadon inda ɗan wasa ya juya. In ka bar na hotonka, haske ya zama biyu, goshi na walƙiya ko da mutum ya ba fitila baya. Kwafi fatar a sabon shafi, cire mata launi, juya ta fari ya koma baƙi, dusashe ta sosai, ka sa shafin a Overlay, ko Superposer in GIMP ɗinka na Faransanci ne, sannan ka rage ƙarfinsa har fuskar ta kwanta. Ragowar tabon ƙyalli ka rufe shi da abin nan mai alamar hatimi, kana ɗebo fata daga kusa.

A nan ne ake cutar baƙar fata, kuma abin yana ɓata mini rai duk lokacin da na gani. Wasu don su ga komai a fili sai su haskaka ta, yaron da Allah ya yi baƙi wuluk ya koma wankan tarwaɗa. Wasu kuma su rage launi ta fito furu-furu. Fatarmu tana da ja a ƙarƙashinta, ya fi fitowa a kunci da kan hanci da kunne. Goshi da kewayen baki sukan fi duhu. Bar wannan bambancin yadda yake, shi ne ran fuskar. Abin da za ka daidaita dole shi ne wuya: launin ƙasan hoton ya haɗu da launin jikin da ka zaɓa masa a jerin ƴan wasa, in ba haka ba za a ga zobe a wuyansa.

Akwai hoto na biyu a fayil ɗin, shuɗi-shuɗi ko kore gwargwadon wasan, wanda ke gaya wa haske inda tudu yake da inda kwari yake. Nan ne gidan ramukan fata, layin goshi, tushen gemu, da tsaga. Bille ko ƴan baka in a launi kawai ka zana su, sai su zama kamar an ja da biro. Sa su a nan ma, a daidai wurin, da zurfi kaɗan, yadda in ya juya kai inuwa za ta faɗa cikin tsagar. Na dattijon nan haka na yi masa, daga gefen hanci ya gangaro kunci, kuma shi ne abin da yaransa suka fara nunawa da yatsa. Kada ka cika hannu. In ya yi yawa, saurayi ɗan shekara 20 zai fito da fuskar tsoho.

Wajen ajiyewa, DDS za ka fitar, nau'in hoton da wasan ke karantawa, kuma GIMP yana yi da kansa tun daga 2.10.10. Girman hoton ya zauna yadda ka same shi, irin matsin ma haka: in DXT5 ne kar ka mayar da shi DXT1, domin za ka zubar da shafin alfa, wani ƙarin shafi da ke cikin hoton ban da na launuka, wanda sau da yawa akwai bayanin da wasan ke karantawa a ciki. Sa alama a wurin mipmap, su ne ƙananan kwafen da ake nunawa in kyamara ta yi nisa. Mayar da komai cikin iff, ka ba shi lambar da ba mai ita, sannan ka rubuta wannan lambar a gurbin fuskar ɗan wasan. A 2K14 da RED MC ake yi, manhajar gyara jerin ƴan wasa. A sababbin akwai ƴar manhajar da ke sa wasan ya karanta daga foldar gyare-gyare ba tare da an taɓa na asali ba.

Gwaji a cikin fili ake yinsa. Fara wasa, tsayar, shiga maimaici, ka zagaya kansa da kyamara: gaba, gefe, ƙeya, lokacin da yake ihu da lokacin da ya jiƙe da gumi a kwata na huɗu. Sauya fili ka sake dubawa, don fitilun ba iri ɗaya ba ne. Sannan ka kira wani daga fadarku wanda ya san yaron, kar ka gaya masa ko wane ne, ka mayar da kyamara irin ta talabijin ka yi shiru. In ya kira sunan, aiki ya yi. In ya tsaya yana kame-kame, koma kan tazarar idanu da layin aski, yawanci a nan matsalar take. Duk wannan kuma a wasan da ba a haɗa da intanet ba; shiga da fayilolin da aka taɓa cikin wasan intanet yana iya jawo a rufe maka asusu.