Yadda na gyara abin da ya hana tsokata girma

Wata huɗu ina ɗaga ƙarfe kullum, amma damtsena na nan jiya i yau, sai ciwon gaɓɓai. Har na fara zargin garin furotin da nake sha, ashe laifina ne.

Da na soma rubuta abin da nake ɗagawa a ɗan littafi, sai na ga kilo 30 ɗin da na fara da shi nake ta turawa. Jiki ya saba, me zai sa ya ƙara tsoka? Na koma kwana uku a mako, duk nauyin da na iya ɗagawa sau 12 ba tare da na karkace ba, sai in ƙara masa kilo 2.

Abinci ma da gyara. Nauyina kilo 65, a lissafin giram 1.6 kan kowane kilo ina buƙatar giram 104 na furotin a rana. Ƙwai ɗaya kusan giram 6 ne kacal, ni kuwa biyu nake ci in ce na gama! Na ƙara wake, kifi da madara, na daina raba dare ina latsa waya. Cikin su garin nan na gina jiki, kiriyatin mai ƙara wa tsoka ƙarfi kaɗai na ci gaba da sha, giram 5 kullum.

Bayan mako takwas hannun rigata ya fara matse ni.