Baƙo a ƙasar waje: yaushe ya kamata ka yi gwajin ciwon sanyi, tunjere da ƙanjamau

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sabbin kamuwa miliyan 374 na cututtuka huɗu da ake ɗauka ta hanyar jima'i, wato kilamidiya, ciwon sanyi, tunjere da tirikomonas, a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, kuma galibin masu ɗauke da su ba sa jin komai a jikinsu. Ɗalibi ko ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke zaune a ƙasar waje yakan makara wajen ganowa: iyali suna nesa na watanni, harshen ƙasar bai zauna a baki ba, inshora babu, ga tsoron kada asibiti ta kai rahotonsa ofishin shige da fice.

Da farko, kada ka dogara da gwajin da aka yi maka lokacin neman takardar zama. A ƙasashe kamar Saudiyya da Daular Larabawa, jini ake ɗiba a duba ƙanjamau da makamantansa, a ɗauki hoton ƙirji saboda tarin fuka. Ciwon sanyi da kilamidiya ba a jini ake ganinsu ba. Kuma sakamakon bara bai san abin da ya faru bana ba.

Sai ka binciki dokar inda kake. A Ingila, gwaji da maganin waɗannan cututtuka kyauta ne a asibitocin lafiyar jima'i, ko da takardunka ba su cika ba. Sin ta ɗage haramcin shigar masu ƙanjamau a 2010. Amma a Saudiyya da Daular Larabawa, baƙon da aka samu da ƙanjamau ana iya mayar da shi ƙasarsa. Mai zama a can gara ya yi gwajinsa idan ya zo hutu gida.

Lokaci shi ne inda mutane suka fi yin kuskure. Mutum ya yi mu'amalar jima'i ranar Asabar, ya je gwaji ranar Litinin, a ce ba a ga komai ba, hankalinsa ya kwanta, alhali ƙwayar ba ta kai matakin da na'ura za ta gan ta ba. Ƙirga daga ranar mu'amalar ƙarshe: ciwon sanyi da kilamidiya, mako 2; ƙanjamau, kwana 45 idan jinin jijiya ne aka kai ɗakin gwaji, kwana 90 idan gwajin tsinken yatsa ne; tunjere da ciwon hanta nau'in B, wata 3. Idan akwai alama, kamar zubar ruwa ko mugunya, zafin fitsari, ciwon mara, ko gyambon da ba ya zafi, ba a jira. Gyambon tunjere yakan warke da kansa, cutar kuwa tana nan cikin jini.

Abu ɗaya ne na gaggawa. Idan kororon roba ya fashe, ko an yi wa mutum fyaɗe, ko ana zargin abokin mu'amala yana da ƙanjamau, a nemi maganin PEP, mai hana ƙanjamau kama jiki, cikin awa 72, a sha har kwana 28. Na ranar farko ya fi na ranar uku.

Ranar gwaji, namiji ya riƙe fitsari aƙalla awa 1, ya tari na farkon fitowa, ba na tsakiya ba. Mace da auduga ake shafo ruwan gaba, kuma sau da yawa ita za ta yi da kanta. A faɗa wa likita gaskiyar yadda aka yi mu'amala, domin ƙwayar da ke maƙogwaro ko dubura ba ta fitowa a fitsari. Wanda bai jin harshen ƙasar ya nemi tafintan asibiti, kada ya ja ɗan garinsu. Gaban idon sani ba kowa ke iya faɗin gaskiya ba.

Kafson da aka ƙunso daga kemis na gida kuwa a bar shi a jaka. Yakan rage zafin fitsari, ya ɓata sakamakon gwaji, ya bar ƙwayar da rai. Ciwon sanyi ya daɗe da bijire wa ampicillin da ciprofloxacin a wurare da yawa. Yanzu allurar ceftriaxone ake yi sau ɗaya. Kilamidiya doxycycline ce, miligiram 100 safe da yamma na kwana 7, amma mai ciki azithromycin ake ba ta. Tunjeren da bai daɗe ba allurar benzathine penicillin guda ce.

Bayan maganin ciwon sanyi ko kilamidiya, a ƙaurace wa mu'amala kwana 7, kuma sai an yi wa abokin zama nasa maganin. Magidanci mai mata fiye da ɗaya, duka za a duba. Wanda gwaji ya nuna ba shi da ciwon hanta nau'in B ya karɓi rigakafi: allura uku, yau, bayan wata 1, sai a wata na 6. Mai shirin komawa gida ya tsara gwajinsa yadda sakamako zai fito kafin ranar tashin jirgi.