Yadda Ake Gyara Bututun Matata Don Ruwan Tankin Kifi Ya Riƙa Zagayawa

Idan kashin kifi da ragowar abinci suna taruwa a kusurwa ɗaya ta tankin gilashi, ko kuma wani maiƙo yana kwanciya a saman ruwan, ba lallai ne injin matatar ya gaza ba. Sau da yawa matsalar daga wurin da bututun shiga da na fita suke ne. Idan suna dab da juna, ruwan da ya fito sai ya koma nan take, sauran tankin kuma ya tsaya cik.

Kafin ka yanka komai, barbaɗa ɗan garin abincin kifi a saman ruwa ka zuba ido. Inda garin ya tsaya yana lilo, ko ya nutse ya kwanta, nan ne ruwa ba ya kaiwa. Sannan ka duba ƙarfin injin. Masu kiwo kan so matata ta juya ruwan tankin gaba ɗaya aƙalla sau huɗu a awa, wato tankin lita 100 yana bukatar injin lita 400 ko fiye. Amma adadin da aka rubuta a kwali na inji ne babu soso a ciki, kuma ba ya tura ruwa sama. Da zarar ka ajiye shi ƙarƙashin teburi, ƙarfin ya ragu.

Yanzu cire wuta daga soket, ka rufe bawul-bawul, ka kawo bokiti da tsumma.

Babban aikin shi ne haɗa sandar feshi, wato fayif mai hudoji da ke watsa ruwan da ke fitowa daga matata. Samo fayif na PVC mai faɗi daidai da tiyon fita, yawanci milimita 12 ko 16 daga ciki. Yanke shi daidai tsawon gajeren gefen tankin, ka toshe ƙarshensa da murfi, ka jera huda a layi ɗaya. Nan mutane suka fi kuskure. Hudojin in sun yi kaɗan, ruwa zai fito kamar allura ya wahalar da kifi da inji. In sun yi yawa, na farko-farko ne kawai za su yi aiki. Ma'aunin da ya fi sauƙi: jimillar filin da hudojin suka buɗe ta yi kusan daidai da filin bakin fayif ɗin. Fayif mai milimita 12 zai ɗauki huda 16 masu milimita 3. Fara da huda 12, ka gwada, domin ƙara huda abu ne mai sauƙi, toshe ta kuwa aiki ne. Kankare ɓurɓushin roba daga bakin kowace huda kafin ka wanke.

Manna sandar a gajeren gefe, ƙasa kaɗan da saman ruwa, hudojin na kallon ɗaya ƙarshen tankin, a ɗan karkace zuwa sama. Ana son fuskar ruwa ta riƙa rawa, ba fantsama ba, domin ta nan oksijin ke shiga. Bututun tsotsa kuma ka sauko da shi ƙasa a gefen da sandar take. Ta haka ruwa zai bi sama ya daki gilashin can, ya gangaro, ya dawo ta ƙasa yana share datti zuwa bakin tsotsa. Sa masa ɗan soso kada ya zuƙe ƙananan kifi.

Rage tsawon tiyo iya yadda za ka iya, kuma ka guji gwiwa mai kusurwa 90, kowace ɗaya tana cin ƙarfi. Kada ka sa mahaɗi na jan ƙarfe ko tagulla, guba ne ga jatan lande da dodon koɗi. In ka yi amfani da gam na PVC, bar shi ya kwana ya wuni kafin ya taɓa ruwa. Ni dai sassan da ke cikin tanki ba na manna su, cusawa kawai nake, don in iya juya su da wankewa.

Kunna injin ka sake gwajin garin abinci, sannan ka dubi kifin. Kifin betta mai dogayen fuka-fukai ba ya son guguwa; in ka ga yana maƙalewa a bayan tsiro, ruwan ya yi masa yawa. Rage shi da bawul ɗin fita, kada ka taɓa shaƙe na tsotsa, domin hakan na sa injin ƙara da saurin lalacewa. Daren farko ka shimfiɗa busasshiyar takarda ƙarƙashin kowane mahaɗi, da safe ka duba ko akwai ɗigo.