Ga masu ɗan noma a ƙauyukan Amurka

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu noman kuɓewa, yakuwa da tattasai a nan Amurka, ku nemi ofishin FSA na gundumarku tun kafin ambaliya ko fari su zo. Reshe ne na ma'aikatar gona, USDA. Ku je da takardar mallakar fili ko ta haya, su ba ku lambar gona. In babu ita, babu tallafi.

Sai ku tambayi shirin NAP, na biyan diyyar asarar amfanin gonar da inshora ba ta rufewa. Matakinsa na farko yana biya ne idan asara ta haura rabin abin da ake sa ran girbewa, a kan kashi 55 cikin 100 na farashin kasuwa. Ba zai mayar da komai ba, amma yana rage zafi. Sabbin manoma ana yafe musu kuɗin rajista.

Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne jinkiri. Wa'adin kai wa FSA rahoton asara kwana 15 ne, kayan lambun da ake tsinka da hannu kuwa awa 72 kacal. Ku ɗauki hotuna, ku adana rasit na iri da taki, kuma kada ku nome gonar sai jami'i ya zo ya gani.